Alhazan da Hanya Ta Riƙe: Hausawan Sudan da Neman Takardar Zama 'Yan Ƙasa

Tun kafin zuwan jirgin sama, wanda ya yi niyyar Hajji daga Kano ko Katsina ko Zazzau yakan yi sallama da danginsa, sallamar da ba a sa mata ranar dawowa. Hanyar gabas ita ce ta talaka. A bi ta Borno, a ratsa Wadai, a shiga Darfur da Kordofan, a gangara kogin Nilu, daga nan sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake neman jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri ba ya kai mutum. In ya ƙare sai a yada zango, a yi noman damina ɗaya ko biyu, maza su yi ƙodago, mata su soya ƙosai su dama kunu su sayar, har a tara abin da zai kai ayari gari na gaba. A kan wannan hanya aka ɗaura aure, aka yi suna, aka binne tsofaffi. Mutanen Sudan suna kiran waɗannan baƙi na yamma Takari ko Fallata, ba su cika rarrabe Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba.

Ana cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya faɗa wa jama'arsa cewa a ƙarshen zamani za su yi ƙaura zuwa gabas, su tarar da Mahadi a gaɓar Nilu. Wannan zance ne da ya daɗe yana yawo a bakin mutane, kuma ya sa da yawa sun ɗaure kaya. Abin da ke rubuce shi ne, a 1881 Muhammad Ahmad ya bayyana kansa Mahadi a Sudan, kuma Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga ƙasar Adamawa. Tun daga lokacin gabas ta zama wurin da mai imani yake kallo in duniya ta yi masa ƙunci.

Ƙuncin ya zo a 1903. Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya kama hanyar gabas, talakawa suka riƙa barin gonaki da gidaje suna bin sa, har abin ya firgita Turawa. Suka bi sawunsa zuwa Burmi, a ƙasar Gombe ta yau. Karon farko a watan Mayu mutanen garin suka kore su. Ranar 27 ga Yuli suka dawo da ƙarfi, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja waɗanda suka tsira. Bayan 'yan shekaru a hanya suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, suka kafa garin da har yau yake amsa sunan Mai Wurno. Sun gudu daga Turawan Ingila, suka tarar da su a can, domin tun Satumbar 1898 sojojin Kitchener suka karya daular Mahadi a Karari, kusa da Umdurman.

Turawan Sudan ba su kore su ba, saboda suna bukatarsu. Yaƙe-yaƙe da yunwar zamanin Mahadiyya sun rage jama'a ƙwarai, ga ƙasa mai albarka babu hannun da zai nome ta. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun auduga na Jazira tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, domin ciyar da masaƙun Lankasha a Ingila. Auduga kuwa ba ta yiwuwa sai da mutane: shuka, cire ciyawa, tsinka, tuge karan bayan girbi a ƙone. Wa ya fi dacewa da wannan aiki irin alhajin da guzurinsa ya ƙare? Hukuma ta ba Mai Wurno ƙasa da girma, ta bar ƙofar yamma a buɗe, ayari bayan ayari suka riƙa tsayawa a Jazira da Gadarif da Kasala. Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, manoma da yawa suka saki gonakinsu na haya, wasu mutanen yamma suka karɓa. Da kasuwa ta farfaɗo sai aka fara cewa gonar gandu ta ɗan ƙasa ce. Mafi yawan 'yan ƙodagon suka ƙare a matsugunan da ake kira kambo, jam'insu kanabi: bukkoki a gefen magudanar ruwa, a bayan ƙauye, a ƙasar da ba tasu ba.

A daidai waɗannan shekaru, a can tsallaken Tekun Atilantika, ana gina irin wannan tsari da rake. Tsibiri ɗaya ne Haiti da Jamhuriyar Dominika suka raba. Sojojin Amurka suka mamaye Haiti a 1915, suka mamaye Dominika a 1916, kamfanonin sukari suka faɗaɗa gandayensu a gabashin tsibirin, suka riƙa kwaso masu saran rake daga Haiti suna zuba su a barikokin da ake kira batey. Tsarin mulkin Dominika ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, amma daga 1929 aka keɓe 'ya'yan wanda yake kan hanyar wucewa. A Oktoban 1937 shugaba Rafael Trujillo ya sa sojoji suka kashe dubban 'yan Haiti a yankin kan iyaka, galibi da adduna. Bayan shekara goma sha biyar, a 1952, gwamnatinsa ta ƙulla yarjejeniya da Haiti don a ci gaba da kawo masa ma'aikata. Ana ƙin mutanen, ana son guminsu.

Abin da ya sa na jera waɗannan labarai biyu shi ne wannan magana ta wucewa. Bahaushen Jazira da bakinsa yakan ce shi matafiyi ne, Makka ya nufa. Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya zauna da su a kewayen Wad Madani, kuma a littafin da ya fitar a 1995 ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka baro ƙasar Hausa suke ci gaba da ɗaukar kansu alhazai a hanya, alhali a Sudan aka yanke cibiyarsu. A wurinsu wannan ibada ce da riƙon niyyar kakanni. A hannun hukuma kuwa sai ta zama hujja. Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To amma raɓar da ta shekara tamanin a wuri ɗaya, ta haƙa rijiya, ta gina masallaci, ta cika maƙabarta, wa zai ce rana za ta fito ta ɗauke ta?

A 1948 Turawa suka fitar da dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, kuma bayan samun 'yanci ranar 1 ga Janairun 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta bi sawunta. Sharaɗin shi ne mutum, ko kakanninsa ta wajen uba, su kasance mazauna ƙasar tun 31 ga Disambar 1897. A duba wannan rana da kyau. Jama'ar Mai Wurno sun baro Burmi ne a 1903, ke nan da su da zuri'arsu duk an rufe ƙofa an bar su a waje. Daga baya aka matso da ranar zuwa 1 ga Janairun 1924, shekara guda kafin buɗe gandun Jazira, wanda shi ya jawo mafi yawan 'yan ƙodago. Sai a dokar 1994 aka mayar da ita 1956. Ko da doka ta sassauta, ofis bai sassauta ba. Mutumin da ƙabilarsa take cikin waɗanda ake ɗauka 'yan asali, shaidu kaɗan sun ishe shi. Wanda aka ji Hausa a harshensa sai a ce ya kawo dangin ubansa, ya kawo shaidar shugaban ƙabila, ya kawo takardar kakan da bai taɓa riƙe takarda ba. Wanda ba shi da jinsiyya, kamar yadda suke kiran takardar, ba ya samun aikin gwamnati, ba ya mallakar gonar gandu, karatun ɗansa yakan tsaya a inda aka fara tambayar shaida.

A wannan shekara ta 1957 ne kuma, a nan kudancin kogin Kaduna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, maƙwabciyar Maƙera, da haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Lankasha. Masaƙun Nortex da UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960. Dama tashar jirgin ƙasa ta riga ta tara leburori a wannan gefe, sai masaƙu suka ƙara cika Maƙera da Tibi da Idoma da Igala da Nufawa da Bajju da Katsinawa da Kanawa. Audugar da ta tara mutane a Jazira ita ta tara su a nan. Babu wanda zai ce 'ya'yan Maƙera ba su da ƙasa, 'yan Nijeriya ne, kuma bai kamata a haɗa damuwarsu da ta mutumin kambo a ma'auni ɗaya ba. Amma duk wanda aka haifa a unguwar nan, ya yi firamare da sakandare a nan, ya je neman shiga soja ko jami'a aka ce ya tafi garin ubansa ya karɓo takardar shaidar asali, garin da wataƙila sau ɗaya ya taɓa zuwa jana'iza, ya ɗanɗani kaɗan daga abin da ake nufi.

Mu kanmu a Afirka ta Yamma ba mu da wankakken hannu. A Nuwambar 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar Gana, Hausawa da Yarabawa da aka haifa a zangon Kumasi da Ankara suka taho a motocin kaya. A Janairun 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka jefa shi Chadi wai ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan guda, mafi yawansu 'yan Gana.

Nauyin wannan al'amari a kan mata ya fi sauka, kuma dalilin a fili yake. Dokar Sudan ta bi layin uba. Kafin 2005 mace ba ta iya ba ɗanta ƙasarta, ko da ita da uwarta a Sudan aka haife su. In miji ya mutu, ko ya saki, ko ya wuce Jidda neman kuɗi aka daina jin ɗuriyarsa, uwa ce ke tsayawa a layin ofis da yara, a tambaye ta dangin mijin da ba ta san inda suke ba. Ita ce kuma ke ciyar da gidan da tsinkar auduga, ko tallan gyaɗa, ko murhun shayi a bakin titi. A Hartum masu sayar da shayi, waɗanda galibinsu matan da yaƙi ko fari ko talauci ya koro ne, sun sha samamen 'yan sanda, a kwashe musu kujeru da butoci, a ci su tara. A cikinsu aka sami Awadiya Mahmud Koko, wadda asalinta daga Kordofan ta Kudu ne. A 1990 ta haɗa ƙungiyar gama-kai ta masu shayi da abinci, ta yi shekara huɗu a gidan yari kan bashin ƙungiyar, ta fito ta ci gaba. Ba Bahaushiya ba ce, amma inuwar da ta kafa ta rufe duk macen da ke zaune bayan murhu ba tare da mai tsaya mata ba. A 2016 Amurka ta ba ta lambar yabo ta jaruman mata.

Shekara shida kafin nan, a 2010, wadda ta karɓi wannan lamba 'yar batey ce, Sonia Pierre. An haife ta a 1963 a barikin rake na Villa Altagracia, iyayenta 'yan Haiti. Tana da shekara 13 ta shiga gaba a zanga-zangar kwana biyar ta masu saran rake, aka kama ta, aka yi mata barazanar kora zuwa Haiti, ƙasar da ba ta sani ba. A 1983 ta kafa ƙungiyar matan Dominika 'yan asalin Haiti, MUDHA. Aikin ya fara da ƙananan makarantu da kula da lafiyar mata a barikoki, amma duk inda suka juya sai su ci karo da takardar haihuwa. A 1997 aka je yi wa 'yan mata biyu rajista, Dilcia Yean da Violeta Bosico, waɗanda su da iyayensu mata duk a Dominika aka haife su, magatakarda ya ƙi. MUDHA da abokan aikinta suka ɗauki maganar har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka, da ke Kosta Rika. A Satumbar 2005 kotun ta yanke cewa rashin takardar iyaye ba gado ba ne da ɗa zai ci, kuma mutumin da ya shekara da shekaru a wuri ba a kiran sa mai wucewa.

Nasarar ba ta zo da sauƙi ba, ba ta kuma daɗe ba. A 2007 hukumar rajista ta nemi soke takardar haihuwar Sonia kanta. A 2010 aka sauya tsarin mulki aka cire 'ya'yan marasa izinin zama. Sonia ta rasu ranar 4 ga Disambar 2011 tana da shekara 48. Ranar 23 ga Satumbar 2013, a shari'ar wata mata mai suna Juliana Deguis Pierre, kotun tsarin mulkin Dominika ta ce duk wanda aka haifa tun 1929 ga iyaye marasa izinin zama bai taɓa zama ɗan ƙasa ba. An ƙiyasta mutum kusan 200,000 ne hukuncin ya shafa. Da duniya ta yi caa, aka yi doka a 2014 da ta mayar wa wasu takardunsu, wasu kuwa aka ce su fara yin rajista a matsayin baƙi a ƙasar haihuwarsu. Duk da haka, abin da Sonia ta bari ba ƙarami ba ne: hukuncin 2005 yana nan a rubuce, lauyoyi a wasu nahiyoyi suna kafa hujja da shi, kuma matasan batey sun koyi cewa ana iya kai gwamnati ƙara. Irin wannan shari'a, wadda uwa za ta tsaya da sunan 'yarta har a rubuta hukunci, ita ce nake ganin Hausawan Sudan suka fi bukata.

A 2005 ɗin nan, tsarin mulkin wucin gadi na Sudan ya ce duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne yana da haƙƙin zama ɗan ƙasa. Ci gaba ne na gaske ga mata, ko da yake ɗan mace sai ya nema, ɗan namiji kuwa kai tsaye yake samu. Amma zukata ba su bi takarda ba. A 2008 wata jaridar Hartum ta jingina wa shugaba Umar al-Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Fadarsa ta musanta, amma sai da Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwan gabas, aka yi arangama da 'yan sanda. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 aka shigo da sabuwar lambar shaidar ɗan ƙasa, tambayar asali ta dawo sabuwa a kowane teburin rajista. A 2013 'ya'yan kanabi masu ilimi, waɗanda iyayensu suka fito daga Darfur da Chadi da ƙasashen yamma, suka kafa Mu'utamar al-Kanabi, suna neman abin da bai wuce filin gida mai takarda, da ruwan sha, da makaranta, da asibiti ba.

A Yulin 2022 abin ya zama jini. Hausawan jihar Shuɗin Nilu sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu. Shugabannin ƙabilun Hamaj da Barta da Funj suka ce sarauta tana tafiya da ƙasa, baƙo kuwa ba shi da ƙasa. Kisan wani manomi ya kunna wutar, ta bi Ƙaisan da Rusairis da kewayen Damazin, mutum fiye da 100 suka mutu cikin kwanaki. Hausawa suka cika titunan Hartum da Kasala da Gadarif da Bur Sudan, a Kasala har aka ƙona ofisoshin gwamnati. A Oktoba rikicin ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka kashe kusan 200 cikin kwana biyu. Dubun dubata suka gudu, mata da yara suka cika makarantun Sinnar da Farin Nilu. Shekara 119 ke nan bayan Burmi, kuma kalmar da aka jefe su da ita ita ce dai baƙi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya bi ta kan waɗannan wurare duka. RSF ta kama Wad Madani a Disambar 2023, ta shiga jihar Sinnar a 2024, ta yi ta'asa a ƙauyuka. Yayin da sojoji ke ƙwato Wad Madani a Janairun 2025, mayaƙan da ke mara musu baya suka afka wa kanabi da zargin haɗa baki da abokan gaba. A Kambo Ɗayba, inda mafi yawan mazauna 'yan asalin yammacin Sudan ne, ƙungiyar Human Rights Watch ta tabbatar da kisan mutum aƙalla 26 ranar 10 ga watan. Mu'utamar al-Kanabi na cikin waɗanda suka fara kai ƙarar ga duniya.

A farkon yaƙin Nijeriya ta kwaso 'ya'yanta ta Masar da Bur Sudan, galibinsu ɗalibai masu fasfo. Bahaushen Mai Wurno ba ya cikin wannan lissafi, kuma mafi yawansu ba su nemi shiga ba, domin Sudan ce ƙasarsu. Wanda ya so dawowa kuwa, doka ba ta shimfiɗa masa tabarma ba. Nijeriya ta shiga yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu kan marasa ƙasa a 2011, ta sa hannu a sanarwar Abijan ta ECOWAS a 2015, amma sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje sai in uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne. Wanda kakan kakansa ya fita a 1903, tun Gwamna Lugga bai haɗe Kudu da Arewacin Nijeriya ba, da wace takarda zai nuna haka? Gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sanar da soke bambancin ɗan asali da baƙo a jihar Kaduna, ta kafa hukumar rajistar mazauna, amma ma'aikatun tarayya har yanzu takardar ƙaramar hukumar asali suke tambaya. Matar da ta iso daga Damazin da 'ya'ya uku, in ta shiga sakatariyar Kaduna ta Kudu a nan Maƙera, za a tambaye ta garin ubanta da sunan mai unguwar da zai shaide ta, ita kuwa abin da ta riƙe shi ne kakanta ya ce daga wani ƙauye suke a ƙasar Haɗeja.